Siririn Jirgin Alhaji Sabo

Samarin da suke zuwa neman aiki a filinmu na gyaran jirage suna ganin duba tsohon jirgin ruwa ba wani abu ba ne. Mutum zai zagaya jirgi sau ɗaya da waya a hannu, ya ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, ya shafa fentinsa, ya dawo ya ce mini, "Baba Haruna, wannan ai fes yake." Ba na yi musu faɗa. Ina miƙa musu 'yar gudumata ne in ce su koma. Saboda irinsu na zauna rubuta wannan, tunda yanzu Allah ya sa hannuna yana iya rubutu, ko da a hankali ne.

Ni mutumin Yawuri ne. A bakin Kwara na tashi, a hannun kawuna mai haɗa kwale-kwalen katako. A wurinsa na koyi zarto da ƙusa da cusa auduga a tsakanin katakai. Da na zo Dubai aikin ɗaukar kaya na fara yi, sai wata rana aka aike ni da fenti wani filin gyaran jirage a bakin Khor, wato mashigin ruwan da ya ratsa gari. Na tsaya kallon wani dattijo ɗan Kerala ta ƙasar Indiya yana feƙe katako. Ya ga yadda nake bin hannunsa da ido, ya miƙo mini abin feƙewar. Sunansa Usta Mammu. A ƙarƙashinsa na yi shekara goma sha ɗaya.

Wata uku na farko bai bar ni na taɓa zarto ba. Guduma ya ba ni, ƙarama mai kan roba, da guntun alli. Yawancin jiragen nan ba na katako ba ne irin namu na gida, na faiba ne, wato zaren gilashi da ake daskarar da shi da gam. Faiba ba ta nuna ciwonta a fuska. Sai ka bi jikin jirgi kana ƙwanƙwasawa, taki ɗaya bayan taki ɗaya, kana saurare. Inda yake da lafiya zai amsa maka da ƙara mai kaifi. Inda ruwa ya shiga ko gam ya saki, zai amsa kamar ka bugi kabewa. Nan za ka zagaye da alli. Usta yana biyo bayana, ya buga inda na zagaye, in na yi kuskure ya goge da babban yatsansa ya wuce. Ba mu da yare ɗaya sai ɗan Larabcin kasuwa. Abin da ya fi faɗa mini shi ne, "Shwaiya, shwaiya." Wato a hankali.

Bayan guduma sai sukudireba da na wasa bakinta ya yi tsini, da ita ake tsikarar katakon da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓe da kuma bayan jirgi inda inji yake. Sai tocila, sai tef na awo. Sai hanci, wanda ba a sayar da shi a shago. In ka ga ƙuraje a jikin jirgi ta ƙasa, ka huda ɗaya ka sansana. In ruwan da ya fito yana warin tsami, gishiri ya daɗe yana cin faibar. In ka buɗe ƙofar ɗakin jirgi ka ji warin tsohuwar rijiya, akwai ruɓaɓɓen katako a wani wuri, ko da idonka bai gan shi ba. Mai sayarwa yana iya yin sabon fenti jiya. Ba ya iya yi wa wari fenti.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai wanda yake so ka gaya masa gaskiya. Akwai wanda ya riga ya saya a zuciyarsa, yana neman wanda zai ce masa ya yi daidai ne kawai. Wannan na biyun shi ne mai wuya, kuma ya fi yawa.

Shekarar korona ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe fili. Mu takwas muka zauna a ɗaki ɗaya a unguwar Al Nahda, ba aiki, kowa yana duba ranar da bizarsa za ta ƙare. A wannan zaman ne wani malami ɗan Katsina da muke ɗaki ɗaya ya fara koya mini baƙaƙen boko a bayan kwalin madara, don lokaci ya wuce. Usta Mammu ya tafi gida a wannan shekarar, bai dawo ba. Da aka buɗe muka koma, muka tarar da jirage jere a kan katakai, rana ta gasa su, robobin tagoginsu sun fashe. Masu su da yawa sun bar ƙasar, sai saƙo suke aikowa a sayar.

Cikin jiragen akwai wani da nake so tun kafin korona. Na wani tsohon Bature ne da ya taho da shi daga ƙasarsu. Tsawonsa ya kai mita bakwai, amma faɗinsa mita biyu ne da 'yan kai, in na kwanta a gicciye na miƙa hannu ina taɓa gefe da gefe. An ce mini a can suna da hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu, sirara, ruwansu kwance kamar na randa, don su ake ƙera irin waɗannan jirage. Ƙasansa faiba ce, amma ɗakin da ke kansa na jan katako ne mai kauri, da tagogi masu bakin tagulla, da rufi shimfiɗaɗɗe mai abin riƙewa a gefe biyu. Wanda ya yi wannan ɗakin ya san aikinsa. Jirgin ya girme ni, ko kuma mu zo sa'a. Baturen ba ya fita da shi teku, sai dai ya zagaya cikin Khor da sassafe kafin manyan jirage su tayar da igiya.

Ya daɗe a fili ba mai taya shi. 'Yan nan suna son jirgi mai faɗi mai gudu. Sai wata Talata da hantsi Mumuni ya zo da baƙo. Mumuni ɗan zangon Kumasi ne, direba a wani ofishin kago, wato na tura kaya ƙasashen waje, yana zaune a unguwar Abu Hail, mun saba da shi a masallacin Juma'a. Baƙon shi ne maigidansa, Alhaji Sabo, Bakano, mai tura kaya gida daga unguwar Al Khabaisi. Muka gaisa. Alhaji bai dubi inji ba, bai dubi fenti ba. Ya zaro tef daga aljihun rigarsa, ya sa Mumuni ya riƙe baki ɗaya, ya auna faɗi, ya auna tsayi, ya naɗe tef ɗinsa.

"Zai shiga," in ji shi.

Na tambaye shi ina zai shiga.

"Kwantena mana. Duk jiragen da na gani a garin nan, wannan ne kaɗai ya san darajar ɗan kasuwa."

Muka zauna a inuwar jirgin ya ba ni labari. Mahaifiyarsa 'yar wani ƙauye ce a tsallaken ruwan dam, kuma can ta koma da zama bayan rasuwar mahaifinsa. Da damina hanyar mota tana yankewa. In mace ta fara naƙuda mai wuya ko wani ya kwanta ciwo, sai a sa shi a kwale-kwale a tuƙa da hannu zuwa inda asibiti yake, a rana ko a ruwan sama. Wata ƙanwar mahaifiyarsa a tsakiyar ruwan ta cika. A wurin ta'aziyya ya tashi a gaban mai gari ya yi alkawarin zai kawo musu jirgi mai inji, mai ɗaki. Da ya ji ni Bayawuri ne sai ya fara kirana Sarkin Ruwa. Ya ce in duba masa, in na ce ya saya zai saya.

Kwana uku na yi a kansa. Na ƙwanƙwashe shi daga kai zuwa gindi, zagayen allina bai wuce biyar ba, duk ƙanana. Mutanen da suna zuba faiba da kauri, ba sa tsumulmula. Ƙurajen ƙasa kaɗan ne, na huda ba su da tsami sosai. A baya, kusurwar hagu, sukudirebata ta shige katako kamar ta shiga dafaffiyar doya, wannan sai an canja. Injin kuwa ya mutu, kuma ko da rai ba zan so ya tafi ƙauye ba, don ba mai kayan gyaransa. Na ce a cire shi a sa injin ratayawa a baya, irin wanda kowane makanikin bakin ruwa a gida ya san cikinsa. Na gaya wa Alhaji duk wannan. Na ce jirgin yana da ƙashi mai kyau, ya saya. Ya saya.

Bayan sati ɗaya ya dawo da takarda a hannu, ya zana abin da yake so. Benci biyu a kan rufi, da tsani a baya, da ƙarfe a zagaye kamar na motar kasuwa.

"Mara lafiya a ƙasa, masu jinya a sama," ya ce.

Na san abin da yake nufi. A wurinmu mara lafiya ba ya tafiya asibiti shi kaɗai. Uwa za ta bi, da miji, da ƙanwar miji mai riƙe kwanon abinci, da maƙwabciya mai tabarma, da wani dattijo wanda ya san wani a asibitin. Ba wanda za a ce wa ya koma. Wannan abu ne mai kyau, ni ma da shi aka raine ni. Amma na taso a bakin ruwa, na ga abin da yake yi wa jirgi.

Na kai shi cikin ɗakin na nuna masa wani ɗan faranti na ƙarfe da aka kafa kusa da sitiyari. Shekaru ina ganin irinsa ban san me yake cewa ba, sai a wannan karon na karanta da kaina. Mutum shida.

Alhaji ya yi dariya. "Wannan lissafin Turawa ne, Sarkin Ruwa. Bature ɗaya ai mutanenmu biyu ne."

Na ce masa ba yawan ne kaɗai matsalar ba, inda nauyin yake zaune ne. Siririn jirgi kamar mutum ne da ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya ya tsaya. In kayansa suna ƙugu, zai tsaya. In ka ɗora masa a ka, ɗan turi kaɗan ya ishe shi. Na ƙara da abin da ya fi ba shi haushi. Na ce ko ba a sa benci ba, ko ba tsani, muddin rufin nan yana nan shimfiɗe mai ƙarfi, ranar da ciki ya cika sai an hau shi. Ba direban da zai iya hana surukinsa hawa. Don haka shawarata a cire rufin gaba ɗaya, a sa tamfol.

Alhaji ya naɗe takardarsa. Ya ce ya riga ya aika hoton jirgin gida. Hajiya mahaifiyarsa ta gani, mai gari ya gani, an yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu a ƙofar masallaci. Ɗaki ya yi musu alkawari, ba rumfar mai tumatir ba. Ya ce in ba zan yi ba khalas, shi ke nan, akwai mai walda a garin Sharjah, nan kusa, da zai kafa masa bencin a kwana biyu. Gaskiya ya faɗa, akwai shi. Mumuni ya ja ni gefe ya ce, "Massa, yi masa abin da yake so mana. Jirginsa ne, kai ina ruwanka?" Na ce ruwana shi ne ni na ce ya saya.

Na koma na roƙi Alhaji abu ɗaya. Ya ba ni yammacin Juma'a, ya zo da abokansa biyar ko shida, mu sa jirgin a ruwa su hau rufin su gani. In bayan nan yana son benci, ya kai Sharjah, ni da kaina zan ɗaura masa jirgin a mota. Ya ce ya yarda, ko ba komai za su sha iska.

Na nemi izinin mai fili. Muka saukar da jirgin a wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, kusa da gadar katako da ake tsayawa. Na sa buhunan yashi a baya daidai nauyin injin da za a sa. Na bar majanyun na'urar ɗaga jirgi, wato faffaɗan igiyoyin da take tallafe shi da su, a ƙarƙashinsa, sake-sake, yadda zai iya karkata amma ba zai kife ba. Sannan na sami Mumuni na ce masa kada ya zo tare da su. Ya bari sai sun zauna sun natsu, ya biyo ta kan gada ya yi sallama ya miƙa hannu, kamar yadda zai yi in ya same su a shago. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan.

Suka zo bayan la'asar, su shida har da Alhaji, da fararen kaya da ƙamshin turare. Na ba kowa rigar ruwa, suna ta tsiya, wani yana cewa an mai da shi ɗan kamun kifi. Na karɓi wayoyinsu na zuba a bokiti na ajiye a tudu. Suka hau rufi suka zauna, uku nan uku can. Jirgin ya ɗan yi lilo ya tsaya cak. Alhaji ya buga rufin da tafin hannu.

"To, Sarkin Ruwa, ina kifewar? Ko sai mun biya kuɗin kallo?"

Na ce su ɗan zauna tukuna. Suka shiga hira, ana maganar kayan da suka maƙale a tashar Legas. Can sai ga Mumuni ya biyo gada da sabuwar hula. Ya tsaya daidai gefen dama ya ce salamu alaikum, ya miƙa hannu.

Ba Bahaushen da za a miƙa wa hannu ya zauna yana kallo. Ukun da ke dama suka miƙa. Ukun da ke hagu suka yunƙura suka tsallako don kada a ce sun yi girman kai. Ba wanda ya yi tunani, jiki ne kawai ya yi abin da ya saba. Jirgin ya kwanta. Tagogin dama suka nutse, ruwa ya kwararo ciki, majanyu suka ja suka yi ƙara. Mutum biyu suka zame suka faɗa, sauran suka rungume abin riƙewa. Duka abin bai kai a ce bisimilla a gama ba.

Muka jawo su, ba wanda ya ji ciwo. Waɗanda suka jiƙe suna tofar da ruwan gishiri suna zagin Mumuni, shi kuma yana rantsuwa gaisuwa kawai ya yi. Alhaji bai faɗa ruwa ba, amma hularsa ta tafi. Ya sauko ya zauna a bakin gada ƙafafunsa a ruwa. Na zauna kusa da shi na ce masa a gida ba a tsakiyar kogi jirage suka fi kifewa ba. A kusa da gaɓa ne, lokacin da aka hango 'yan tarya, kowa ya tashi ya juya gefe ɗaya. Kuma a can ba majanyu, mara lafiya yana kwance a cikin ɗaki mai ƙofa ɗaya.

Ya miƙe tsaye. Ya karɓi wayarsa daga bokiti ya tafi da mutanensa. Kwana huɗu ban ji daga gare shi ba, na ɗauka ya tafi Sharjah. Ranar Laraba da safe na same shi a fili ya riga ni zuwa, yana tsaye yana kallon jirgin. Muka gaisa. Ya ce ya kira Hajiya ya gaya mata duk abin da ya faru. Ta tambaye shi tamfol ɗin yana tare ruwan sama? Ya ce yana tarewa. Ta ce to me ake jira.

"Yalla, cire," ya ce. "Amma kada ka sa zarto ina nan."

Ban sa zarto ba ko bayan ya tafi. Aikin da aka yi da kyau ba a rushe shi da gaggawa. Na bi sukurorin tagulla ɗaya bayan ɗaya, wasu sun daskare sai da na yi ta ɗiga musu mai ina jira. Kwana biyu kafin rufin ya ɗagu. Na bar bangon ɗakin da tagoginsa yadda suke. A sama na lanƙwasa siraran bututun alminiyam guda biyar, na ja farin tamfol mai kauri a kai, wanda ko yaro ya dafa zai san ba wurin zama ba ne. Na kafa sandunan ƙarfe a can ƙasa ƙarƙashin daɓe don nauyi ya sauka. Katakon rufin ban yar ba, da shi na yi gadon mara lafiya a tsakiya, ƙasa-ƙasa, da benci gajere a kowane gefe. A jikin jirgin ta waje na ja jan layi, na ce a gaya wa direba in ruwa ya taɓa layin nan kada ya tayar da inji, ko wa ya ce. Muka sake gwada shi da mutum takwas a zaune a ciki, Mumuni ya sake zuwa ya yi sallamarsa. Ya karkata kaɗan ya dawo.

Ranar lodi muka tura shi cikin kwantena a kan bututu, tafin hannu ɗaya ya rage a kowane gefe. Alhaji da kansa ya duba ɗaurin, don wannan fanninsa ne, ni ma na tsaya ina koyo.

Damina biyu ke nan yana aiki. Kwanakin baya na bi ta Al Khabaisi sayen fenti, na leƙa ofishinsa muka sha shayi. Na tambaye shi labarin jirgi. Ya ce yana nan, an canja farfela sau ɗaya. Ya ce har yanzu mutanen ƙauye ba su yafe masa ba. Suna cewa hoton da aka nuna musu daban, abin da aka kawo daban, wai an cuci Alhaji a Dubai an sayar masa da jirgi ba rufi. Masu jinya suna ƙorafi ana barin rabinsu a gaɓa su biyo a kwale-kwale. Wani kawunsa ya yi fushi ya daina ɗaukar wayarsa wata guda.

Na ce Allah ya ba shi haƙuri, ni na jawo masa.

Ya ƙara mini shayi. "Bar su su yi ta yi, Malam Haruna. Duk masu ƙorafin nan da ƙafarsu suka sauka."